Ɗanyen kifi da naman gishiri: a wace shekara ya dace yaro ya fara ci?

Duk uwa ko uban da ya nemi sanin lokacin da ƙaramin yaro zai iya fara cin ɗanyen kifi irin na sushi, abincin Japan da ake haɗawa da shinkafa, ko naman da aka adana da gishiri irin su salami da basturma, zai tarar da amsoshin da suka saɓa wa juna. A Japan, inda ɗanyen kifi yake cikin cimar yau da kullum, shawarar da ta fi yaɗuwa tsakanin iyaye ita ce a dakata har yaro ya kai shekara 3. A Amurka da Faransa, hukumomin lafiya sun sanya duk yaron da bai cika shekara 5 ba cikin waɗanda bai kamata a ba su ɗanyen kifi ko ɗanyen nama ba. A Birtaniya kuwa, hukumar lafiya ta NHS ta fi nanata hana yara ɗanyun halittun ruwa masu ɓawo da wasu manyan kifayen teku, tare da ƙayyade gishirin da za su ci a rana. Dokar Tarayyar Turai da ta rage yawan naitirait, sinadarin adana nama, da aka yarda a zuba a naman da ake sarrafawa, wadda ta fara aiki a watan Oktoba na 2025, ta sake jawo hankali kan abin da ke ƙunshe cikin irin wannan nama.

Tambayar ta iso mana tuntuni. Ana sayar da sushi a gidajen abinci na Abuja da Legas, manyan kantuna suna da sosej da salami na naman sa, kuma akwai iyalai da ɗalibai Hausawa a Ingila da Amurka da Masar da Turkiyya waɗanda 'ya'yansu ke ganin wannan abinci a makaranta da gidajen maƙwabta. A gida ma, kilishi da bandar kifi suna tayar da tambaya makamanciyar wannan. Abin da ya sa amsoshin suka saɓa shi ne haɗarin da ake gudu ya kasu kashi-kashi, kowane da shekarun da yake fi tsanani, kuma kowace ƙasa ta gina shawararta ne a kan yadda ake adana abinci da sa ido a kansa a can.

Abincin da ake magana a kansa

Ɗanyen kifi a nan yana nufin duk kifin da wuta ba ta ratsa shi har ciki ba. Ya haɗa da sashimi, wato yankakken ɗanyen kifi zalla, da yawancin sushi na Japan, da sebiche na ƙasar Peru wanda ake jiƙa kifi a ruwan lemun tsami har tsokarsa ta yi fari, da kifin samon da mutanen arewacin Turai suke lulluɓewa da gishiri da sukari, da kuma kifin da aka yi wa hayaƙi mai sanyi, wato aka rataye shi cikin hayaƙin da zafinsa bai wuce kimanin digiri 30 a ma'aunin Selshiyas ba. Wannan na ƙarshe ya fi ruɗar mai saye, domin yana da ƙamshin banda alhali ɗanye ne. Ya kamata a sani kuma cewa akwai sushi da ake yi da dafaffen ƙwai ko kokwamba ko dafaffen jatan lande, kuma gargaɗin ɗanyen kifi bai hau kansa ba muddin an yi shi da tsafta.

Naman gishiri iri biyu ne. Akwai wanda ba a dafa shi sam, sai dai a shafe shi da gishiri da kayan yaji a bar shi ya bushe ko ya yi tsami na kwanaki ko makonni ko watanni, kamar salami na Italiya, basturma na Turkiyya da Masar, da biltong na Afirka ta Kudu. Akwai kuma wanda aka dafa a masana'anta, aka ajiye a firji, ake yankawa a ci ba tare da an ɗumama ba, kamar poloni da yankakken naman talotalo da wasu nau'o'in sosej. Da yawa daga cikin waɗannan da naman alade ake yin su a ƙasashensu na asali, amma waɗanda aka yi da naman sa ko kaza aka buga musu tambarin halal, hanyar sarrafa su ɗaya ce, don haka matsalar ƙwayoyin cuta da gishiri tana nan a cikinsu.

Dalilin da ya sa ake ambaton shekara 5

Jikin ƙaramin yaro ba ya tunkarar gurɓataccen abinci yadda na babba yake yi. Garkuwar jikinsa tana kan ginuwa, ruwan tsamin da ke cikin tumbinsa mai kashe ƙwayoyin cuta bai kai na babba ƙarfi ba, sannan saboda ƙanƙantar jikinsa, gudawa da amai na yini ɗaya suna iya ƙarar masa da ruwan jiki har ya galabaita. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ya nuna cewa mutum miliyan 600 ne ke rashin lafiya a kowace shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 kuma suna mutuwa, kuma 125,000 daga cikin masu mutuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Nahiyar Afirka ce ta fi ɗaukar nauyin idan aka auna da yawan jama'a.

Cibiyar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce yaron da bai kai shekara 5 ba, idan ya kamu da ƙwayar Salmonella, yiwuwar a kwantar da shi a asibiti ta ninka ta sauran mutane sau uku. Ta kuma ce a cikin yara bakwai masu waɗannan shekaru da aka tabbatar sun kamu da ƙwayar E. coli O157, ɗaya yana samun matsalar ƙoda. Wannan matsala tana faruwa ne idan dafin ƙwayar ya shiga jini ya farfasa jajayen ƙwayoyin jini ya toshe ƙananan jijiyoyin ƙoda, kuma tana iya kai yaro ga wankin ƙoda ko ta bar masa lahani na dindindin.

Sai dai shekara 5 ba ƙofa ba ce da yaro ke shiga ya fito da sabon jiki. Haɗarin yana raguwa ne sannu a hankali, kuma masana lafiyar jama'a sun saba tattara alƙalumansu a rukunin 'yan ƙasa da shekara 5, shi ya sa shawarwarin hukumomi suka tsaya a nan. Yaro ɗan shekara 6 mai fama da tamowa ko wata cuta mai raunana garkuwar jiki yana iya fin lafiyayyen ɗan shekara 4 shiga haɗari. Wannan batu yana da nauyi a wajenmu saboda amosanin jini: ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da cutar sikila a Nijeriya a kowace shekara, kuma sananne ne a likitance cewa ƙwayar Salmonella tana saurin tsallakawa daga hanjin mai sikila zuwa jininsa da ƙasusuwansa. Haka ma zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da rashin abinci mai gina jiki suna sauƙaƙa wa wannan ƙwaya shiga jini. Ga irin waɗannan yara, cika shekara 5 ba ya ɗage gargaɗin.

Abin da ke cikin ɗanyen kifi

Haɗari na farko shi ne tsutsotsi. Wadda ta fi shahara a kifin teku ita ce Anisakis, wata farar tsutsa siririya mai tsawon santimita 2 zuwa 3, wadda ke zama a kayan cikin kifaye irin su makarel da herin da samon na daji, kuma takan koma cikin tsoka bayan kifin ya mutu. Idan mutum ya haɗiye ta da rai, tana iya kafa kanta a bangon tumbi cikin sa'o'i kaɗan ta haddasa murɗawar ciki mai tsanani da amai, kuma sau da yawa sai an zura na'ura ta maƙogwaro an ciro ta. An fara bayyana wannan cuta ne a Holan a 1960 tsakanin masu cin ɗanyen herin, kuma bayan da ƙasar ta wajabta daskarar da kifin kafin a sayar, cutar ta kusa ɓacewa a can. A Japan, inda doka ba ta tilasta daskarar da kowane kifi ba, wannan tsutsa tana kan gaba a yawan rahotannin gubar abinci da ake kai wa hukuma a shekarun baya-bayan nan.

Kifin kogi da na tafki ma yana da nasa. A arewa maso gabashin Tailan, inda ake cin yankakken ɗanyen kifin kogi da yaji da lemun tsami, wata tsutsa mai suna Opisthorchis tana zama a magudanar ɗacin hanta shekara da shekaru, kuma yankin yana cikin wuraren da sankarar wannan magudana ta fi yawa a duniya. Da yawa suna kamuwa da ita tun suna yara, cutar kuma ba ta bayyana sai sun manyanta. Akwai kuma doguwar tsutsar hanji da ake samu daga ɗanyen kifin ruwan daɗi a ƙasashen sanyi, wadda ke iya jawo ƙarancin jini.

Lemun tsami da ruwan tsami da gishiri da yaji ba sa kashe waɗannan tsutsotsi a ɗan lokacin da ake jiƙa kifi kafin a ci. Abu biyu ne ke kashe su, wuta ko sanyi mai tsananin gaske. Hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka ta ce a dafa kifi har tsakiyarsa ta kai digiri 63, idan kuma ɗanye za a ci, a daskarar da shi a digiri 20 ƙasa da sifili na kwana 7, ko a digiri 35 ƙasa da sifili na sa'a 15. Dokar Tarayyar Turai ta 2004 ta ce aƙalla sa'a 24 a digiri 20 ƙasa da sifili. Firizar gida yawanci a digiri 18 ƙasa da sifili take tsayawa idan tana aiki yadda ya kamata, kuma a garin da ake ɗauke wuta sau da yawa a rana, babu wanda zai iya cewa kifinsa ya cika wannan sharaɗi.

Ko da an cika sharaɗin, daskarewa ba ta kashe bakteriya da bairos. Tsayar da bakteriya kawai take yi, da zarar kifin ya narke ta ci gaba da hayayyafa. Ƙwayar Vibrio da ke rayuwa a ruwan teku mai ɗumi, da Salmonella, da Listeria, da bairos ɗin Noro da na ciwon hanta nau'in A waɗanda halittu masu ɓawo ke tarawa idan sun tace gurɓataccen ruwa, duk suna iya tsallake firiza. Saboda haka rubutun da ake yi a jikin kwali cewa kifi ya dace da sushi yana magana ne a kan tsutsotsi da yadda aka kula da shi, bai zama tabbacin cewa babu ƙwayar cuta ba. Kifin ƙanƙara da ake sayarwa a kasuwanninmu, wanda yakan narke a mota ko a kan tebur a sake mayar da shi cikin sanyi, na dafawa ne kawai, ga yaro da babba baki ɗaya. Idan ma ya daɗe a zafi, kifi irin makarel da tuna yana tara sinadarin histamin da ke sa fuska ta yi ja da ƙaiƙayi da ciwon kai, kuma dahuwa ba ta kawar da shi, sai dai a zubar da kifin.

Tsakanin shekara 3 ta Japan da shekara 5 ta Amurka da Faransa

Masu bin al'adar Japan suna da hujja. Miliyoyin yara sun tashi suna cin sashimi ba tare da wata illa ba, kifi abinci ne mai gina ƙwaƙwalwa, kuma zuwa shekara 3 yaro ya gama fitar da haƙoransa na farko, yana iya tauna tsoka mai santsi, yana kuma iya faɗin inda ke masa ciwo. Iyayen da ke bin wannan hanya sukan fara da ɗan yanki kaɗan na sabon kifi, da rana, lokacin da yaron ke cikin ƙoshin lafiya kuma asibiti yana buɗe.

Amma wannan shekara 3 tana tsaye ne a kan wani tsari da ba ya bin kifin zuwa wata ƙasa. A Japan, kifin da za a ci ɗanye yana da ƙa'idarsa ta daban a doka, ana rubuta hakan a jikinsa, kuma wajibi ne a riƙe shi cikin sanyi tun daga jirgin ruwa har hannun mai saye. Abin lura kuma shi ne ƙasar ba ta ba ɗalibai ɗanyen kifi a abincin makaranta. Tun bayan ɓarkewar E. coli O157 a birnin Sakai a 1996, inda dubban 'yan firamare suka kamu ta hanyar abincin makaranta wasu kuma suka mutu, an tsaurara ƙa'ida cewa kifi da nama sai an dafa su tsakiyarsu ta kai digiri 75 na aƙalla minti ɗaya. Wato inda hukuma ce ke da alhakin ciyar da yara, Japan ma ta zaɓi wuta.

Matsayin Amurka da Faransa ya dogara ne da auna riba da asara. Duk amfanin da yaro zai samu daga ɗanyen kifi, dafaffe ma zai ba shi, don haka jiran ƙarin shekara biyu ba ya tauye shi da komai, alhali kamuwa ɗaya mai tsanani tana iya taɓa ƙoda. Masu suka suna cewa wannan shawara ta cika tsoro, kuma gaskiya ne cewa yawancin yaran da suka ci sushi a wuri mai tsafta ba abin da ke samunsu. Duk da haka, ga iyalin da ba su san inda kifin ya fito ba, ko tsawon lokacin da ya yi a waje, hujjar shekara 5 ta fi ƙarfi, kuma ita ce mafi ƙarancin abin da ya dace a riƙe a ƙasashe masu zafi da ƙarancin wutar lantarki.

Naman gishiri: ƙwayoyin cuta, gishiri da shaƙewa

An daɗe ana ɗauka cewa gishiri da bushewa da tsami sun isa su kashe duk wata cuta a cikin nama. Shekarun 1990 sun rushe wannan zato. A 1994 mutum 23 suka kamu da E. coli O157 a jihohin Washintan da Kalifoniya na Amurka bayan sun ci busasshen salami, abin da ya sa aka tilasta wa masana'antu su tabbatar cewa hanyar sarrafa namansu tana kashe ƙwayar. A farkon 1995 kuma, a birnin Adelaide na Ostireliya, yara 23 suka samu matsalar ƙoda bayan cin wani sosej da ba a dafa shi, wata yarinya 'yar shekara 4 ta rasu. Manya da yawa sun ci naman nan, amma yara ne suka ƙare a gadon wankin ƙoda.

Naman da aka dafa a masana'anta yana da tasa matsalar, ita ce Listeria, ƙwayar da ke iya hayayyafa a cikin firji. Idan ta samu wurin zama a injin yanka ko magudanar ruwan masana'anta, takan gurɓata naman bayan an riga an dafa shi. Ɓarkewa mafi girma da aka taɓa rubutawa ta faru ne a Afirka ta Kudu daga 2017 zuwa 2018, inda aka tabbatar da mutum 1,060 sun kamu, 216 sun mutu, kuma a watan Maris na 2018 ministan lafiya Aaron Motsoaledi ya sanar cewa an gano tushenta a wata masana'antar poloni da ke Polokwane. Fiye da kashi 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu jarirai ne sababbin haihuwa da suka ɗauka daga iyayensu mata. Adalci ne a faɗi cewa Listeria ta fi yi wa masu juna biyu da jarirai da tsofaffi da masu raunin garkuwar jiki illa, ba kasafai take kwantar da lafiyayyen yaro mai gudu da ƙafarsa ba. Amma a gidan da ke da ƙaramin yaro, sau da yawa akwai mai ciki ko jariri, kuma firji ɗaya da wuƙa ɗaya ake amfani da su. Maganin abin mai sauƙi ne: a ɗumama naman har ya yi tururi, tsakiyarsa ta kai digiri 74.

A Masar akwai fasikh, kifin da ake gishirtawa a bar shi ya ruɓa ba tare da an cire kayan cikinsa ba, ake ci a bikin bazara na Shammun Nasim. A 1991 mutum 91 aka kwantar a Alƙahira saboda gubar botulizim mai shanye jiki daga wannan kifi, 18 suka mutu, kuma ma'aikatar lafiyar ƙasar tana maimaita gargaɗi a kowace shekara. Wannan ba abincin yaro ba ne a kowace shekara ta yarinta.

Gubar botulizim ɗin nan tana cikin manyan dalilan zuba naitirait a nama, domin yana hana ƙwayar da ke haifar da ita tsirowa, yana kuma ba naman launin ja. Matsalarsa ita ce yana iya rikiɗewa zuwa sinadarai masu jawo sankara, musamman idan an soya naman da wuta mai ƙarfi. A watan Oktoba na 2015 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa cikin rukunin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, ta ce cin giram 50 a kowace rana yana ƙara haɗarin sankarar hanji da kimanin kashi 18 cikin 100. An samo wannan adadi ne daga bincike kan manya masu ci kullum na tsawon shekaru, don haka bai nuna cewa yanki ɗaya a wajen biki zai cutar da yaro ba. Abin da yake nunawa shi ne kada a saba wa yaro da shi a matsayin abincin safe ko na makaranta. Sabuwar dokar Turai ta rage naitirait da danginsa ne kawai, ba ta taɓa batun gishiri ko ƙwayoyin cuta ba.

Gishirin kuwa shi ne haɗarin da ke cikin kowane yanki, ko da naman ya fito daga masana'anta mafi tsafta. Ƙa'idar NHS ita ce jaririn da bai kai shekara 1 ba kada gishirinsa ya kai giram 1 a rana, ɗan shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce giram 2, ɗan shekara 4 zuwa 6 kuma giram 3. Busasshen salami yakan ƙunshi gishiri giram 4 zuwa 5 a kowane giram 100, ke nan 'yan yanka na giram 30 sun cinye fiye da rabin kason yaro ɗan shekara 2, tun kafin a lissafa dunƙulen ɗanɗano da ke cikin miya da gishirin burodi. Ƙodar jariri ba ta da ƙarfin fitar da wannan yawa.

Sai shaƙewa, wadda ta fi duk sauran gaggawa. Sosej mai siffar bututu ya yi daidai da faɗin maƙogwaron ƙaramin yaro, idan ya maƙale yakan toshe hanyar iska gaba ɗaya. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ambace shi a 2010 a matsayin abincin da ya fi jawo mutuwar yara ta hanyar shaƙewa a ƙasar, kuma shawararta ita ce har zuwa shekara 4 a tsaga shi ta tsawo a yayyanka ƙanana, kada a yanka shi zagaye kamar kwabo. Turamen haƙori na ƙarshe ba sa gama fitowa sai yaro ya doshi shekara 3, iya niƙa abu mai tauri da su kuma yana ɗaukar wani lokaci bayan nan.

Kilishi da banda

Kilishi ya bambanta da biltong da salami ta fuska mai muhimmanci: bayan an yanka naman falle-falle an shanya, an tsoma shi a labu an sake shanyawa, ana ɗora shi a kan garwashi kafin a sayar. Bandar kifi irin ta yankin Tafkin Chadi ma da wuta da hayaƙi mai zafi ake yin ta, kuma yawanci a miya take ƙarewa ta sake dahuwa. Don haka ba sa cikin rukunin ɗanyen abinci. Matsalarsu tana zuwa ne bayan an sauke daga wuta, wato ƙura da ƙudaje da hannuwan masu tayawa da takardar da ake naɗewa, da kuma funfuna idan an ajiye su a wuri mai laima. Ƙuli-ƙulin da ake yin labu da shi, idan daga gyaɗa mai funfuna ya fito, yana iya ɗauke da gubar afulatoksin mai lahanta hanta, wadda gashi ba ya kashewa. Hukumar NAFDAC ta kuma sha yin gargaɗi kan 'yan kasuwar da ke fesa maganin ƙwari a kan busasshen abinci don hana shi lalacewa.

Ga yaron da bai kai shekara 4 ba, taurin kilishi da yajinsa da gishirinsa sun isa dalilin a dakata. Dambun nama da aka yi a gida ba tare da gishiri da yawa ba, ko naman da aka dafa ya yi laushi aka daka, sun fi dacewa da shi. Banda kuma a wanke ta da ruwan zafi, a dafa, a bi ta da yatsa a tsince ƙaya tsaf.

Kada a hana yaro dafaffen kifi

Kuskuren da gargaɗi irin wannan ke iya haifarwa shi ne iyaye su janye kifi gaba ɗaya. Dafaffen kifi marar ƙaya yana cikin abincin da ake so a fara ba jariri daga wata 6, tare da nonon uwa, kuma jinkirta shi ba ya kare yaro daga borin jini. Abin da ake zaɓa shi ne nau'in kifin, saboda zaiba, wato sinadarin makuri, wanda ke taruwa a jikin manyan kifaye masu cin 'yan'uwansu yana kuma cutar da ƙwaƙwalwa mai tasowa. Dahuwa ba ta rage shi. NHS ta ce 'yan ƙasa da shekara 16 su guji kifin shak da kifi mai takobi da malin. Tarwaɗa da karfasa da sadin da herin da samon suna cikin waɗanda FDA ta lissafa a masu ƙarancin zaiba, kuma ta ba da shawarar a ba yaro kifi sau biyu a mako, kimanin giram 30 a kowane ci ga ɗan shekara 1 zuwa 3, ninkin haka ga ɗan shekara 4 zuwa 7.

Idan yaro ya riga ya ci

Mafi yawan lokuta babu abin da zai faru, kuma ba a buƙatar ba shi wani magani don rigakafi. Abin da ake bukata shi ne sa ido na wasu kwanaki, domin lokacin bayyanar cututtukan ya bambanta: tsutsar Anisakis da histamin cikin sa'o'i, Salmonella daga sa'a 6 zuwa kwana 6, E. coli yawanci kwana 3 zuwa 4, Listeria kuwa tana iya ɗaukar makonni. Idan gudawa ta fara, a ci gaba da shayarwa da ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS tare da ƙwayar zinc kamar yadda ma'aikatan lafiya suka tsara.

A garzaya asibiti idan an ga jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai da ba ya barin ruwa ya zauna, ko murɗawar ciki mai tsanani, ko kumburin fuska da wahalar numfashi. Matsalar ƙoda ta E. coli takan bayyana ne kimanin mako guda bayan fara gudawar, sau da yawa a daidai lokacin da ake ganin yaron ya fara samun sauƙi, kuma alamunta su ne raguwar fitsari, da fari fat a tafin hannu da cikin fatar ido, da kasala da kumburi. Kada a sayo maganin tsayar da gudawa ko maganin kashe ƙwayoyin cuta a kyamis a ba yaro mai gudawar jini ba tare da likita ya duba shi ba, domin idan E. coli mai dafi ce, waɗannan magunguna suna iya ƙara haɗarin taɓuwar ƙoda. A gaya wa likita ainihin abin da yaron ya ci da ranar da ya ci, a kuma faɗa masa idan yaron yana da sikila ko akwai mai juna biyu a gidan da ta ci abincin tare da shi.